Taki da Takarda

Tukra tana kudancin Njamena, babban birnin Chadi, tsakanin koguna biyu, watau Shari da Logon, waɗanda suke haɗuwa gab da birnin, daura da Kuseri ta Kamaru. Wanda ya haye gadar Shaguwa, ya bi ta Waliya, ya miƙe hanyar Kundul da Bongor, lalle sai ya ratsa ta. Tana cikin gunduma ta 9 ta birnin. A shekarun baya karkara ce, gonaki da wuraren kiwo, amma yanzu birni ya cim mata. An gina wa Jami'ar Njamena babbar haraba a nan, gidaje kuma suna ta tashi a inda dā ake yankan dawa. Ruwan sama yakan sauka daga Yuni zuwa Satumba, amma kogi ba ya batsewa sai Oktoba da Nuwamba, gama ruwansa daga nesa yake tahowa, daga kudancin ƙasar da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Saboda haka manomin Tukra ruwa biyu yake tsaro, na sama da na kogi.

Hausawa sun daɗe a wannan birni. Tun sa'ad da ake ce da shi Fort Lamy, sunan da Faransawa suka laƙaba masa a 1900 ya kuma riƙe har 1973, yana kan hanyar mahajjata masu tafiya gabas a ƙasa. Waɗansu suka wuce, waɗansu kuwa guzuri ya ƙare musu, suka tsaya neman na gaba, tsayawar ta zama zama. Cikin zuriyar waɗannan akwai wani dattijo da ya haura shekara saba'in, wanda mahaifinsa ya fito daga ƙasar Katsina. Ya yi ƙuruciyarsa yana awon hatsi a Kasuwar Gero ta Njamena, da ƙarfi ya fara raguwa sai ya koma gonar da ya gāda a gefen Tukra. Ba ta fi hekta biyu ba. Bulaman wurin ne ya yanka wa mahaifinsa ita a gaban shaidu, babu takarda, gama a lokacin baki da shaida sun isa.

Gonar kashi biyu ce. Akwai tudu mai yashi inda yake shuka gero da wake da kuɓewa da damina. Akwai kuma kwari mai baƙar laka, inda ruwa yake kwanciya. In ruwan ya janye sai a dasa dawar nan ta rani da mutanen Chadi suke kira berbere, mutanen Barno kuwa masakwa. Ba ta shan ruwan sama ko kaɗan, da laimar da laka ta riƙe take rayuwa har a yanke ta wajen Janairu ko Fabrairu. Dattijon ba ya barin tudun nan da yunwa. Kowane rani yakan sa a kwaso masa juji da kashin awaki a amalanke. Yana da tsohuwar amana da waɗansu Larabawan Shuwa, waɗanda sukan sauke shanunsu a gonar bayan girbi, shanun su ci kara su bar taki, shi kuwa ya ba masu su ɗan hatsi. Ba ya sa wa gona wuta, ba ya kuma sare gawo ko aduwa ko magaryar da ta tsiro da kanta. In ya damƙi ƙasar gonarsa ya damƙi ta maƙwabci, ko yaro ya ga bambanci, tasa ta fi duhu, ta fi kuma daɗewa da danshi.

A 2022 ruwa ya yi ɓarnar da tsofaffin birnin suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Shari da Logon suka cika suka tumbatsa, shingayen ƙasar da aka yi don tare ruwa suka karye a wurare, Waliya da unguwannin da ke kewaye da ita suka nutse. Ran 19 ga Oktoba Shugaba Mahamat Idriss Deby ya kafa dokar ta-ɓaci saboda ambaliyar, wadda ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasar. A Tukra aka kafa ɗaya daga cikin sansanonin waɗanda suka rasa muhalli. Dattijon ya rasa ɗakuna biyu na gidansa da hatsin da ke rumbu. Ruwa ya daɗe a kwarin har lokacin dashe ya wuce, ƙananan itatuwan da yake reno kuma da yawa suka mutu. Ya ci bashi ya ta da bango. Ba a jima ba masu neman fuloti suka fara sallama, masu yin jan bulo kuma suka yi tayin haƙar ƙasar kwarin, su biya shi lakadan.

Ana cikin wannan hali ne autansa, wanda yake karatun labarin ƙasa a jami'ar nan ta Tukra, ya zo masa da wata magana. Ya ce, "Baba, kada ka sayar. Akwai kasuwar da ake biyan manomi saboda abin da ka shekara talatin kana yi kyauta." Dattijon ya ce, "Wace kasuwa ce wannan da ban taɓa jin ranar cinta ba?" Yaron ya ce, "Kasuwar kabon ce, Baba."

Ya kamata mai karatu ya san abin da yaron yake nufi. Kabon shi ne baƙin abin nan da gawayi ya ƙunsa, da shi kuma aka gina jikin kowane abu mai rai. Tsiro yakan zuƙo shi daga iska ta ganyensa, da taimakon hasken rana, ya yi kara da saiwa da ƙwaya. Sa'ad da tsiron ya mutu ya ruɓe, yawancin kabon ɗin yakan koma iska, amma wani kashi yakan zauna cikin ƙasa. Shi ne yake sa ta yi duhu, ta riƙe ruwa, ta ciyar da shuka. Masana sun ƙiyasta cewa mita ɗaya ta saman ƙasar duniya tana riƙe da kabon wajen tan biliyan 1,500, watau kusan ninki biyu na wanda yake cikin iska. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur a masana'antu, iskar kabon da ke sararin sama ta ƙaru daga kashi 280 cikin miliyan zuwa fiye da 420. Tana kuwa riƙe zafin rana kamar bargo, shi ya sa duniya take ɗumama, damina kuma take rikicewa.

Daga nan aka sami dabarar kasuwa. Kamfanin da yake fitar da hayaƙi a Turai ko Amurka zai biya wani a wani wuri domin ya rage hayaƙi ko ya mai da kabon cikin itace da ƙasa, sa'an nan a ba kamfanin takardar shaida, takarda ɗaya a bakin tan ɗaya na iskar kabon. An aza harsashin wannan a yarjejeniyar Kyoto ta ƙasar Japan a 1997. Yarjejeniyar Paris ta 2015, wadda Chadi take ciki, ta sabunta shi, aka kuma kammala ƙa'idodin cinikin a taron Baku a 2024. Ban da wannan akwai kasuwar sa-kai, inda ƙungiyoyi masu zaman kansu, irin su Verra da ke Amurka, suke tantance ayyuka su ba da takardun. A taron Paris ɗin ne Faransa ta gabatar da shirin da ake kira "4 cikin 1,000", wanda yake cewa da za a riƙa ƙara kabon ƙasa da kashi huɗu cikin dubu kowace shekara, da an rage wa iska babban nauyi.

Dattijon ya saurara har yaron ya gama. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, wannan ai cinikin biri a sama ne. Amma na yi awo shekara da shekaru, na san kowane ciniki yana da mudu, yana da farashi, yana da ranar biya. Je ka nemo mini su." Yaron ya yi makonni yana bincike, abin da ya samo kuwa ya isa kowane manomi ya ji.

Mudun shi ne wahala ta fari. Don a san kabon da ke cikin gona sai an haƙo ƙasa daga wurare da yawa, zurfin wajen santimita 30, a busar, a kai ɗakin gwaji. Ƙarin da ake samu a shekara ɗan kaɗan ne ƙwarai, har sai an yi shekara biyar ko fiye kafin ma'auni ya rarrabe shi da bambancin da ke tsakanin wannan kusurwar gona da waccan. Kuɗin awon gona mai hekta biyu zai iya cinye kuɗin kabon ɗinta duka. Saboda haka ake tara manoma dubbai a shiri ɗaya, a tambaye su abin da suke yi a gona, a zuba amsar a kwamfuta ta yi ƙiyasi. Ga shi kuma ƙasa mai zafi da yashi ba ta riƙon kabon da kyau, gama zafi yana gaggauta ruɓewa, gara ma tana kwashe nata rabo. Laka ta fi yashi riƙo. Har wa yau ƙasa tana ƙoshi, bayan shekara ashirin ko talatin na kyakkyawan riƙo ƙarin yakan tsaya. Dattijon ya ce, "Ashe mudun yana hannun mai saye, ni ko ganinsa ba zan yi ba."

Game da farashi, yaron ya kawo masa labarin wurare biyu. A yammacin Kenya wata ƙungiyar ƙasar Suwidin mai suna Vi Agroforestry, tare da asusun Bankin Duniya, ta shirya tara manoma wajen 60,000 a kan hekta 45,000. A Janairun 2014 shirin ya sami takardun kabon na kusan tan 25,000, su ne kuwa na fari a duniya da aka bayar saboda irin wannan kula da ƙasar noma. Farashin tan ɗaya wajen dalar Amurka 4 ne. Abin da ya isa hannun kowane manomi bai taka kara ya karya ba, masu shirin da kansu suka ce babbar ribar ita ce amfanin masara da ya ƙaru da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Na biyu a Nijar ne. Tun 2006 al'ummomin karkara 26 suka fara dasa ɗakwara, itacen ƙaro, a kan faƙon da ya mutu. A farkon 2020 Bankin Duniya ya ba da labarin biyan farko, dalar Amurka 450,000 a kan hekta 7,200. Dattijon ya sa yaron ya yi lissafi a gabansa. Kowace hekta ta tashi dala 62 da ɗoriya, bayan jiran fiye da shekara goma sha uku, watau ƙasa da dala 5 a shekara. Ya ce, "Itacen kuwa shi ya fi ƙasa tara abin nan, ko ba haka ka ce ba? To, tawa gonar ko amalanken taki biyu ba za ta samo ba."

Yaron bai ɓoye masa sauran ba. Kuɗin da kamfani ya biya yakan bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso ƙauye, akwai mai tsara shiri, da mai awo, da mai tantancewa, da dillalin da ya haɗa ciniki, kowa da ladansa. Akan kuma riƙe wani kashi na takardun a ajiye, saboda tsoron gobara ko fari ko ambaliya, gama kabon da aka shekara goma ana tarawa yana iya komawa iska cikin damina biyu in aka sare itace ko aka bar gona tsirara. Saboda wannan ne yarjejeniyar takan ɗaure manomi shekara 20, ko 30, har 40. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ni da nake da saba'in zan sa hannu a kan arba'in? Ai wuyanka zan ɗaure, da na 'ya'yanka."

Akwai wata ƙa'ida da ta fi ba shi mamaki. Kasuwar ba ta biyan abin da mutum ya riga ya saba yi, sai sabon abin da kuɗinta ya jawo. A wajen mai saye wannan daidai ne, gama ba ya so ya biya kuɗin ruwan da zai sauka ko da bai biya ba. Amma a gona ma'anarsa ita ce, wanda ya ƙone kararsa ya sare itatuwansa ya bar ƙasarsa ta yi fari, shi ne yake da wurin ƙari mai yawa, shi za a fi biya in ya tuba. Wanda ya riƙe gonarsa da kyau tun fari, tasa ta kusa ƙoshi, abin da za a lissafta masa kaɗan ne. Dattijon ya jinjina kai, bai ce kome ba.

Shi da kansa ya tono wata matsalar da yaron bai gani a takardunsa ba. Masu shirin kabon suna son a bar kara da harawa su ruɓe a gona. Amma a bakin birni kamar Njamena harawa kuɗi ce, masu kiwon ragunan Layya suna nemanta ido rufe, kara kuma shi ne darni, shi ne abincin shanu da rani. Kashin shanu ma yana da masu nema. Da gwamnatin Idriss Deby ta hana sayar da gawayi a ƙarshen 2008 domin ceton itatuwa, matan birnin da yawa sun koma girki da busasshen kashin shanu da ƙwallon goriba. Duk abin da aka ce a bar wa ƙasa, daga bakin wani aka ɗauke shi. In kuwa aka ce a hana shanu shiga gona don kada su cinye kara, to amanar da ke tsakaninsa da makiyaya ta mutu ke nan, takin da suke bari ya tafi, ƙofar rigima kuma ta buɗe. A Chadi kuwa rigimar manomi da makiyayi ba abin wasa ba ce, tana cin rayuka kusan kowace shekara.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta mallaka. Dokokin filaye na Chadi na 1967 sun ɗauka cewa duk filin da ba a yi masa rajista ba na gwamnati ne, ko da shike sun san da haƙƙin gargajiya na mai aiki a kai. Muddin gona hatsi kawai take bayarwa, ba kowa ne yake kallonta ba. Ranar da aka ce akwai dalar Amurka a ƙarƙashinta, masu takarda za su fito. Yaron ya ba shi misalin arewacin Kenya, inda ƙungiyar Northern Rangelands Trust take tafiyar da babban shirin kabon ƙasa a makiyaya mai faɗin kusan hekta miliyan biyu, manyan kamfanoni kamar Netflix da Meta kuma suka sayi takardunsa. Waɗansu makiyaya suka yi ƙorafi cewa an sauya musu tsarin kiwo ba da yardarsu ba. A 2023 Verra ta dakatar da shirin na ɗan lokaci don bincike, a Janairun 2025 kuma wata kotu a Isiolo ta yanke cewa biyu daga cikin gandayen yankin an kafa su ba bisa doka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, gonar da ba ta da takarda kuwa tsagaggen bango ce.

Duk da haka yaron yana da hujjar da uban bai iya turewa ba. Ya ce, "Baba, hayaƙin da mutumin Chadi yake fitarwa a shekara ta wajen ƙona mai bai kai kashi ɗaya cikin biyar na tan ba. Na Ba'amurke ya haura tan 13. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya ba. Mu ne ruwa ya rushe wa ɗaki, su ne suka hura wutar. In sun kawo kuɗi ba sadaka suka yi ba, bashi suka rage." Ya kuma nuna masa cewa akwai inda abin ya yi kyau. A Humbo ta ƙasar Habasha ƙungiyar World Vision ta taimaki jama'a suka rayar da tsaunin da ya zama ƙeƙasasshe, wajen hekta 2,700. An fara ba ƙungiyoyin manoman takardar haƙƙin amfani da wurin, sa'an nan kuɗin kabon ya zo, suka zuba shi a rumbun hatsi da injin niƙa na jama'a. A Nijar ma kuɗin nan na ɗakwara a dunƙule ya shiga hannun ƙauyuka, abin da ba zai ƙosar da gida ɗaya ba ya isa ya yi wa gari aiki. Dattijon ya ce, "Wannan gaskiya ne. Wanda ake bi bashi ba a hana shi biya. Amma ban taɓa ganin an ce mai bin bashi ya ba da jinginar gonarsa kafin a biya shi ba."

Dabarar da aka yi aiki da ita a Humbo kuwa daga ƙasar Hausa ta tafi. A 1983 wani ma'aikacin mishan ta SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda ya gaji da dasa itatuwan da suke mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace shekara lokacin sharar gona tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran, a tsare su. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki a kusa, da abincin dabbobi, da raguwar iskar da take binne shuka, da gero mai kyau a ƙarƙashin gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina ya bar rana ta shiga. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Ana ce da shi sassaben zamani. Bayan shekara ashirin binciken da aka yi da hotunan sama ya nuna wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Abin da ya ƙarfafa shi shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba. A ƙauyuka kamar Ɗan Saga ta wajen Agiye an kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa da mata da makiyaya.

Kabon da kalgo da sabara da gawon Maraɗi suka ɗauke daga iska ba kaɗan ba ne, babu kuwa wanda ya biya manoman nan ko tamma dominsa sa'ad da suke aikin. Haka nan manoman kewayen Kano, waɗanda tun kaka da kakanni suke kai itace birni a kan jakuna su komo da taki, har suka yi ta noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta kuwa mutu ba. Wani masanin Ingila, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana nazarin wannan tun daga wajen 1960. Abin da ya riƙe waɗannan mutane ga aikin shi ne ribar da ake gani a rumbu a shekarar. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Uba da ɗa ba su kai ga ra'ayi ɗaya ba, amma sun kai ga shawara ɗaya. Bashi ba ya jira, saboda haka dattijon ya yanki kusurwar tudun da take bakin hanya, wajen rubu'in hekta, ya sayar wa mai neman fuloti. Abin ya yi masa ciwo, gama nan ne ya fi zuba taki, yanzu kuwa siminti ne a kai. Masu bulo kam ya sallame su, ya ce wanda ya sayar da ƙasar saman gonarsa ya sayar da gonar ya riƙe ramin. Abin da ya ragu bayan biyan bashi ya danƙa wa yaron, ya ce ya fara bin hanyar yi wa sauran gonar takarda. Hanya ce mai tsawo da tsada, har yanzu ana kanta. Yaron kuma ya zaga maƙwabta, Hausawa da Larabawa da mutanen kudu, suka fara zama a inuwa ɗaya suna rubuta iyakokin gonakinsu a gaban bulama, da abin da kowa yake zubawa a tasa, da yawan itatuwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mai hekta biyu kuma ba ya ciniki da kamfanin ƙetare shi kaɗai.

A 2024 ruwa ya sāke zuwa, ya shafi mutum kusan miliyan biyu a Chadi, ya kashe fiye da 500. Kwarin dattijon ya sāke nutsewa, amma wannan karo ya ajiye irin berbere a kan tudu, ya dasa da ruwa ya janye, ya sami abin da ya samu. Har yau babu mai sayen kabon da ya yi sallama a ƙofar gonarsa. In ya zo zai tarar da mutane masu tambaya. Za su so su ji wa zai yi awo, ko za a nuna musu sakamakon. Za su tambayi nawa aka sayar da tan a can, nawa ne zai iso nan, da wace rana. Za su tambaya ko kuɗin za a fara bayarwa ko aikin, da abin da zai faru in kogi ya cinye itatuwan ba da laifin kowa ba, ko mutum yana iya fita in ya ga ba ta yi, da kuma inda makiyayi da matar da take neman itacen girki suka tsaya a cikin lissafin. Za su kuma nemi a karanta musu takardar da harshen da suke ji, a rubuta a fili cewa gona da itatuwanta na mai su ne.

Waɗannan tambayoyi ba na Tukra kaɗai ba ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin bunƙasa kasuwannin kabon na Afirka a taron Masar na 2022, gwamnatoci da kamfanoni suna ta shiri, maganar kuma za ta isa ƙauyukan Katsina da Sakkwato da Maraɗi, in ba ta riga ta isa ba. Manomin da aka zo wa da ita ba shi da dalilin tsoro, ba shi kuma da dalilin rawar jiki. Taki da itace da barin wuta suna biyan mai su ko da baƙo ko babu baƙo. In kuɗin kabon ya zo a kan sharuɗɗa masu kyau, ƙari ne, a karɓa a yi wa gari aiki da shi. In kuwa sharaɗinsa ya taɓa mallakar gona, ko ya raba manomi da maƙwabcinsa makiyayi, to farashinsa ya fi abin da zai kawo, gama dala biyar a shekara ba ta sayen gona, ba ta kuma sayen zaman lafiya.